Shekarar da Aka Baƙanta Bindiga Sau Huɗu

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga tashar jirgin ƙasa ta Parakou, bai cika wata biyu a gida ba na fara roƙon Allah ya ba shi abin yi. Duk tsawon aikinsa yana zaune ne bayan tebur, yana auna buhunan mutane yana buga hatimi, kowa na ce masa Shef, wato shugaba. Da aikin ya ƙare sai ya juyo kaina. Ya jera mini tukwane daga babba zuwa ƙarama. Ya gano cewa tun ranar da aka kawo ni gidan nake fara shara daga ɓangaren da bai kamata ba. Ni mai ƙosai ce, a ƙofar gidanmu na unguwar Kpébié nake suya kowace safiya, har nan ya biyo ni da kujerarsa yana gaya mini wanne ya soyu, wanne da saura.

Don haka ranar da ya ce zai koma noma a gonar da ya gada ta wajen mahaifiyarsa a Bariénou, can ƙasar Djougou, ni na fara sa albarka. Noman nasa shi ne ya hau mota ranar Asabar, ya tsaya bakin gona da lema, ɗan kawunsa da ke zaune a ƙauyen yana huɗa, shi kuma yana nuna kunyar da ta karkace. Duk da haka masara ta yi kyau. Tana fara goyo birai suka gano ta.

Wata Lahadi ya dawo da wani dogon abu naɗe cikin tsohuwar tabarma. Ya shimfiɗa a tsakar gida, ya kira ni da muryar da yake kiran mutane su zo su karɓi takardarsu. Bindigar mahaifinsa ce, irin ta maharban dā, ya zaro ta daga rufin ɗakin tarkace a gidansu na Djougou. Ni dai abin da na gani shi ne dogon bututun ƙarfe da tsatsa ta mayar ja wur, da wasu 'yan ƙarafa cikin gwangwanin tumatir, sai ƙotar katako da gara ta ci har tana zubar da gari in an taɓa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Maganin birai. Da hannuna zan tayar da ita."

"Maigida, ka taɓa harba bindiga?"

Ya ce ba maganar harbi ake yi ba yanzu, maganar gyara ake yi, kuma komai da tsarinsa.

Mako na gaba na bi shi Djougou, don a can nake sayen man kaɗanyar da nake suya da shi. Ya ce in raka shi wurin wani tsohon maƙeri a bayan kasuwa, abokin mahaifinsa tun suna samari. Mun same shi zaune kan guntun turmi yana ƙera fartanya, ido ɗaya ya fara yana. Ya karɓi bututun, ya juya, ya daɗe yana dubawa. Ya ce a bar masa kayan duka ya duba a tsanake. Maigidana ya ce a'a, tambaya ɗaya ce ta kawo shi: yaya ake yi wa ƙarfe baƙin nan mai sheƙi irin na bindigogin maharba?

Tsohon ya ce wannan ba wuya, wuta ce da mai da haƙuri. "Amma ɗana, shi ne aikin ƙarshe. Ka kankare tsatsa, ka sassaƙa ƙota, ka gwada kowane ƙarfe a mazauninsa har ya zauna, sannan ka kawo mini in gani da idona. In babu sauran goge-goge, sai a warware a baƙanta."

Maigidana ya yi murmushin da yake yi wa mutanen ƙauye in sun miƙo masa takarda a juye. Ya ce, "Baba, mu a tasha duk ƙarfen da ya sauka daga Cotonou, fenti ake fara shafa masa kafin a ɗaura shi ko'ina. In ba haka ba tsatsa ta riga ka."

"To," in ji tsohon, ya koma kan fartanyarsa. Har mun juya sai ya kira ni, ya ce, "'Yata, ki ɓoye manki."

Na yi dariya, na ɗauka wasan tsofaffi ne.

Kwana uku maigidana yana kankare tsatsa da samfefa, har bututun ya yi fari fat. Rana ta huɗu na gama suya na shiga wanka, ina fitowa na tarar tsakar gida ta turnuƙe. Ya hura murhuna biyu a jere da gawayina, ya ɗora bututun a kai, ya ɗaure tsumma a bakin muciyata yana tsomawa a ƙwaryar man da na sayo. Hayaƙi ya haura katanga. Maƙwabciyarmu ta faɗo gidan da bokiti tana ihu, saura kaɗan ta sheƙa masa ruwa. Ya tare ta da Faransanci, ya ce ta kiyaye, aikin fasaha ake yi.

Gaskiya guda zan faɗa, ƙarfen ya yi kyau. Baƙi wuluk, yana ɗaukar ido. Ya naɗe shi da sabon tawul ɗin da na ajiye don baƙi, ya tafi da shi unguwar Ladjifarani, inda suke da majalisa gindin wani mangwaro bayan la'asar. Ni ba na zuwa majalisar maza, amma ƙanwata tana sayar da zoɓo dab da wurin, kuma kunnenta ba ya hutu. Ta bakinta na san duk abin da aka ce.

A majalisar akwai wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan Nijar, ya ce man kaɗanya na mata ne da miya, su a can baƙin man mota suke amfani da shi, zai kawo wa maigidana bido guda, wato jarka ɗaya. Akwai mai sayar da kayan moto, wato babur, ɗan Najeriya, ya ce duk wannan tsohon yayi ne, yanzu akwai fentin fesawa, orijina, minti biyar an gama. Suka kama musu kamar a maƙera aka yanke musu cibiya. Malamin makarantar allon unguwar yana gefe yana jan carbi. Da suka tsagaita, ya tambaya a hankali ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa harbin ko da kurciya. Can direban ya ce shi dai ya taɓa take zabo da mota.

Sai aka zo kan ƙota. Maigidana ya sayo guntun maɗaci, ya aro gizago da magagari wurin kafinta. Mutumin da ko fensir sai an fere an miƙa masa. Ya sassaƙa, ya ɗora bututun, bai zauna ba. Ya cire, ya ƙara sassaƙa, ya ɗora, ya danna, ya murɗa, ya buga da tafin hannu. A wuni ɗaya sai ya yi haka ya fi a ƙirga. Kafin mako ya zagayo baƙin nan ya koma kamar bayan zabuwa, nan fari nan baƙi. Ya zauna ya zuba masa ido, abinci ma sai na yi magana biyu.

Na ce, "Ai tsohon nan ya ce..."

Ya katse ni, ya ce tsohon bai yi lakkol ba, wato karatun boko. Laifin man ne. Direba ya yi gaskiya.

Ranar da bidon baƙin mai ya iso na tafi suna a gidan 'yar yayata. Maigidana yana neman abu mai faɗin baki da zai juye man, idonsa ya faɗa kan kaskon suyata. Kaskon nan na mahaifiyata ne, a kayan aurena ya zo, ya girmi duk 'ya'yana. Da ya gama ya wanke shi da sabulu har sau uku, ya kife shi daidai inda ya ɗauka, don shi mutum ne mai tsari. Na dawo da yamma na ji gidan yana warin gareji, ban kawo komai a raina ba.

Da safe na yi suya kamar kullum. Masu cinikina na farko 'yan zemijan ne, masu ɗaukar mutane a moto, su ke fara tsayawa kafin su shiga gari. Ɗaya daga cikinsu ya gatsa, ya tauna, ya tsaya. Ya ce, "Mama, yau kamar ni aka canza wa mai, ba moto ba." Sauran suka fashe da dariya. Na ɗauki ɗaya na sa a baki, na tofar. Na kwashe ƙosan duka na zuba wa awakin maƙwabta, suka shinshina suka wuce.

Na shiga gida na same shi yana goge bututunsa da tsumma yana waƙa ƙasa-ƙasa. Na ajiye kaskon a gabansa.

"Me ka zuba a nan?"

Ya ce ai ya wanke.

"Ban tambaye ka ko ka wanke ba."

Ya fara yi mini bayanin yadda mai ba ya shiga ƙarfe, a kimiyyance. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na dirje kaskon nan da yashi, na dirje da toka, na ƙona shi a wuta, na tafasa ganyen lemo a ciki. Warin bai fita ba. Yau a ciki nake shuka na'ana'a. Kwana biyu ban ce masa uffan ba, sai dai in ajiye abinci in wuce. Shi kuma ya bi ni da ido kamar wanda ba a fahimta ba.

Baƙin na biyu ma bai daɗe ba. Ƙotar ta zauna daga ƙarshe, amma 'yan ƙarafan cikin gwangwani suka ƙi shiga wurarensu, dole ya sa magagari, magagari kuwa ba ya zaɓen inda zai ci. Wannan karon ya ce laifin direba ne. Ya koma wurin ɗan Najeriya ya karɓo gwangwanin fesawa. Ya jingina bututun a katangar tsakar gida ya fesa. Har yau hoton bindigar na nan a jikin katangar, fari a tsakiyar baƙi. Wata kazata da ta gifta ta yi wata guda da baƙin fiffike. Fentin ya bushe ya yi ƙyalli, ya kai shi majalisa aka yi ta tafi. Kwana uku bayan nan ya sa farce ya gwada, ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Duk wannan lokacin ɗan kawunsa yana bugo waya daga Bariénou. Ina jin muryarsa, don maigidana a bayyane yake sa waya.

"Yaya, birai sun gama gefen rafi, sun shigo tsakiya."

"Ka yi haƙuri, aiki ya kusa. Saura finisiyo, ɗan gyaran ƙarshe."

"Yaya, ni na ji. Su ne ba su ji ba."

Da na ga ya fara tambayar ƙanwata inda ake sayar da wani ruwan batir da aka ce yana cin fenti, na san in ban tashi ba wata rana gidan zai kama da wuta da gaske. Na ce masa man suya ya ƙare, na hau mota ni kaɗai zuwa Djougou, na wuce kai tsaye bayan kasuwa. Na durƙusa na gaida tsohon, na kwashe komai na gaya masa, har da kazar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya natsa sai fuskarsa ta canza, ya tambaye ni ko an riga an ɗura wa bindigar albarushi. Na ce a'a, ba a kai nan ba. Ya ce alhamdulillahi.

"In kin ce ina kiransa in gyara masa, ba zai zo ba," in ji shi. "Ubansa ma haka yake. Ki ce masa tsoho yana son ya ga yadda ake yi a tasha, ko zai ƙaru."

Da na koma gida haka na faɗa wa maigidana, kalma da kalma. Ya gyara zaman hularsa, ya ce dama ya san mutumin yana da hankali, ilimi ne kawai bai samu ba. Washegari muka kama hanya, kayan a warware cikin tabarma. Tun daga gida yake haddace jawabin da zai yi wa jami'ai a shingen hanya, da Faransanci, har da tarihin gidansu. A kowane shinge sai ya jiƙe da gumi. Ba wanda ya tambaye shi komai. Abin da suka so sani kawai shi ne mai akuyar da ke ɗaure a saman mota.

Tsohon ya karɓe mu da fara'a, ya bar maigidana ya yi bayaninsa har ya gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki bututun, ya kankare fentin da abin da ke ƙarƙashinsa ta wajen gindi, har farin ƙarfe ya fito. Ya rataye shi da igiya, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kara kunne. Ya shafa kananzir a wurin, ya goge, ya barbaɗa toka. Ya kira maigidana ya ce ya matso da idonsa, tunda nasa biyu ne.

Ni ma na leƙa. Wani siririn layi ne ya fito a jikin tokar, kamar silin gashi, tsawon ɗan yatsa.

"Tsagewa ce," in ji tsohon. "Mahaifinka bindiga biyu ya yi a rayuwarsa. Ranar da ka fara kawo wannan, tsatsa ta hana ni sanin wacce ce, shi ya sa na ce ka bar mini. Yanzu na sani. Kana goye a lokacin, ya zo nan da hannu naɗe da rawani, jini har gwiwar hannu. Ita ce ta tsage masa a daji."

Maigidana ya ce, "Yatsunsa biyu? Ai ƙofar mota ce ta datse masa."

"Haka ya ce a gaya muku. Kunya yake ji. Ya ce in narkar da ita, kafin in hura wuta ya sake shawara ya ɗauke abarsa." Ya shafa wurin da babban yatsa. "Da ƙarfen yana fari ka kawo mini, a tsaye zan gaya maka. Baƙin nan yana rufe komai, ɗana. Don haka ba ma sa shi sai mun gama gani."

Maigidana ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da farar rigarsa, cikin gawayi. Ya ɗora hannuwansa biyu kan gwiwa yana kallonsu. Fushin kaskon da nake riƙe da shi na neme shi na rasa. Can ya ce, da ƙaramar murya, "Baba, da na harba fa?" Tsohon ya ci gaba da kaɗe toka daga hannunsa.

Da aka yi azahar tsohon ya toshe bututun da ƙarfe ya liƙe, ya ce kada wani jika ya tashi wata rana da irin wannan tunani. Ya haɗa komai a ƙotar, ya ɗan gyara nan da can, ya yaba sassaƙar, ya ce ba laifi ga mutumin ofis. Sannan ya warware, ya ce to, yanzu lokacin baƙi ya yi, in har ana so. Maigidana ya ce ana so. Tsohon ya nuna masa zugazugi ya ce ya zauna ya zuga. Ya zuga kuwa, gumi na ɗiga daga gemunsa, duk abin da aka ce masa sai ya ce to. Da aka zo neman mai, ni na kwance ƙwaryar man da na sayo na miƙa.

Masara dai ba a samu ta kirki ba. Ɗan kawunsa ya aiko mana da abin da ya saura a kwando biyu, da saƙon cewa baɗi waken soya zai shuka, kuma ya samo karnuka. Bindigar tana rataye a falo, baƙa mai kyau, ba ƙwarzane ko ɗaya. A majalisa, in ji ƙanwata, maigidana ya zama malamin baƙanta ƙarfe. Ya ce wa direba da ɗan Najeriya baƙi aikin ƙarshe ne, wannan kowane mai tsari ya sani, kuma shawarwarinsu ne suka ɓata masa lokaci. Maganar yatsu bai kai ta can ba.

Amma ta tsaya masa a rai. Da sallah ta zagayo muka je gaida gwaggonsa a Djougou, ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Ya jira aka watse, ya matsa kusa da tabarmarta, ya sassauta murya kamar zai buɗe babban sirri. Ya ce ya gano gaskiyar abin da ya sami hannun Baba.

Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Sai yanzu? Ai duk Djougou an sani, ku 'ya'yansa ne kawai ba ku sani ba." Ta gyara zama, ta tofar da goro. "An gaya maka abin da ya harba?"

Ya ce a'a.

"Kututture ne. Tun hantsi yake laɓe yana jiran ya motsa, wai gada ce. Da ya gaji da jira ya sakar masa."

Na toshe bakina da mayafi. Maigidana ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, kafaɗunsa suka fara rawa, daga nan ya kasa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, gwaggo tana dukan cinyarsa tana cewa ya yi a hankali, mamaci ake magana a kai.